Rusa, Rushe, Rusau: Wa Ya Kada Ginin?

Kawuna tela ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Adar ya zo Yamai tun yana saurayi, ya yi shekaru yana ɗinki a wata ƴar rumfar tol, wato kwanon rufi, a bakin gudro, wato titin kwalta, keke biyu, tebur ɗaya da benci. Wata safiya aka kira ni a waya aka ce in zo maza. Ko da na isa, babu rumfa. Katafila ta riga ta yi gaba, ana jin rurinta can wajen kwana, yara na bin ta a guje. Tol ɗin ya lanƙwashe kamar takardar da aka dunƙule. Shi kuwa yana tsugune kusa da keke ɗayan da ya samu ya fitar, riƙe da wani tsohon gwangwanin madara. Na ce, "Kawu, sannunku. Haka rumfar ta rushe?" Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Ɗana, gyara maganarka. Ba ta rushe ba, rusa ta aka yi."

Gaskiyarsa. A cikin tashin hankalin da yake ciki bai yarda in sauya masa kalma ba, domin kalmar da na ɗauka ta fitar da hannun mutum daga cikin abin da ya faru.

Rusa da rushe saiwarsu ɗaya. Harafin s ne ke komawa sh idan wasalin e ko i ya biyo shi, kamar yadda fasa ke zama fashe, kasa ta zama kashe, rasa ta haifi rashi. Amma ba aiki ɗaya suke yi a cikin magana ba. Rusa tana neman mai yi da abin da aka yi wa: wane ya rusa katanga, hukuma ta rusa shaguna. Ba a cewa "katanga ta rusa" a yi shiru, sai mai ji ya tambaya, ta rusa me? Rushe kuwa fuska biyu gare ta. Ana cewa "an rushe gidan", wato an kada shi gaba ɗaya ba a bar ko kusurwa ba. Ana kuma cewa "gidan ya rushe", wato ya faɗi da kansa, ko damina ta cinye gindinsa, ko tsufa ya gama da shi. A wannan fuska ta biyu babu wanda za a riƙe. Shi ya sa idan mai ba da labari ya ce "shaguna ɗari sun rushe" alhali katafila ce ta bi ta kansu, ya yi wa labarin kwaskwarima ko da bai yi niyya ba.

Daga saiwar nan akwai sauran ƴaƴa. Gini ya ruso wa mutane, idan ya faɗo ta wajensu. Katangar nan ba ta rusuwa, idan ta gagara. An rurrushe gidaje, idan da yawa ne ɗaya bayan ɗaya. Rusasshen gida, rusasshiyar rumfa, rusassun shaguna. Har a kuka ana aron ta: mace ta ji mutuwa ta rushe da kuka, kamar jikin ne gaba ɗaya ya zube. Kusa da su kuma akwai maƙwabta. Rufin soro ko rijiya ko ramin haƙar zinariya ruftawa suke yi, domin daga sama abin ke danne na ƙasa. Abin da ya ruguje ya koma gutsattsari. Tarkacen da ya rage ɓaraguzai ne. Ginin da bango ke tsaye babu rufi babu mutane kango ne, wurin da aka taɓa zama aka watse kuma kufai.

Mutanen Yamai sun san rushewa sarai. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya fasa madatsar da ke kare unguwannin ƙetare, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye, ya kuma mamaye Saga a wannan ɓangaren. Gidan ƙasa idan ruwa ya kwana a gindinsa ba ya jan lokaci: tubalin ƙasa ya jiƙa, bango ya fara zama kamar mai gajiya, azara ta saki, sai a ji rim. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama ya kada tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19. Duk wanda ya ba da waɗannan labarai da Hausa cewa ya yi gidaje sun rushe, masallaci ya rushe. Babu wanda ya kira shi rusau.

To mece ce rusau?

Ƙirar kalmar tsohuwa ce. Hausa tana ɗaukar aikatau ta liƙa masa au a ƙarshe domin ta kira mutumin da wannan aiki ya zame wa hali. Mai yawan mantuwa mantau ne, mai yawan makara makarau, mai jimiri jimrau, wanda ya gagara gagarau. A ƙasarmu ta Adar da Gobir da Arewa har suna ake sa wa da wannan ƙira, ga Nomau nan a kusan kowane gari. A bisa wannan awo, rusau shi ne wanda duk abin da ya taɓa sai ya kai shi ƙasa. Amma a bakin mutane yau kalmar ta tashi daga kan mutum ta koma kan aikin. Ana cewa "an yi rusau a kasuwa", "rusau ya shafi gidaje kaza", "aikin rusau zai ci gaba gobe". Shaidar wannan ƙaura ita ce, idan ana son kiran mutumin yanzu sai an ƙara masa mai. Nasir El-Rufai, wanda ya yi ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, rushe-rushen da aka yi a zamaninsa da sunan maido da tsarin birnin ne suka jawo masa laƙabin Mai Rusau, laƙabin kuma ya bi shi har Kaduna inda ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023.

Ba kowane kada gini ne ake kira rusau ba, kuma kunnen Bahaushe yana rarrabewa ko ba a koya masa ba. Magidanci ya rushe tsohon ɗakinsa na ƙasa domin ya tada na siminti, babu mai cewa ya yi rusau, gyara yake yi. Maƙwabci ya tura maka katanga saboda rikicin iyaka, wannan faɗa ne, sai a tafi wajen mai unguwa. Ƴan bindigar da suka farfasa hubbarorin waliyyai a Tumbutu a 2012 sun rusa gine-gine, amma sunan abin da suka yi ɓarna da ta'asa, har kotun duniya ta Hague ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faqi al-Mahdi, shekara 9 a 2016. Rusau sai da hukuma, da umarni daga sama, da ƴan sanda tsaye a gefe, kuma da wuya ya tsaya a kan gini ɗaya, layi yake bi. Akwai kuma abin da ke cikin sautin kalmar wanda ƙamus ba zai kama ba: tana zuwa kamar sunan annoba. Yadda ake cewa gobara ta tashi, fari ya faɗa, haka ake cewa rusau ya zo. Mai faɗin ta yawanci shi ne wanda abin ya faɗa wa, ko mai tausaya masa. Hukuma ba ta cika son ta ba. A bakin jami'i za ka fi jin "tsabtace birni", "gyaran hanya", "ƙwato filayen gwamnati".

Shekarar 2023 ce ta ƙara cusa kalmar a kunnen kowa, har mu da ke wannan ɓangaren iyaka. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf gwamnan Kano a ƙarshen watan Mayu, aka fara rushe gine-ginen da gwamnatinsa ta ce an yi su a filayen jama'a da gwamnatin baya ta sayar ba bisa ƙa'ida ba: ginin da ke tsohon otal ɗin Daula, shagunan da ke kewaye da filin Idi. Aka kuma rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Ƴan kasuwar filin Idi suka kai ƙara, babbar kotun tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Makonni ana wannan muhawara a rediyo da Facebook, kuma Adarawa da Katsinawan Maraɗi da ke da ƴan'uwa a kasuwannin Kano sun bi ta kamar a ƙofar gidansu ake yi.

Mu a nan, da yake harshen ofis Faransanci ne, kalmar da ke kan takarda daban ce. Degerpisma ake cewa, kuma mai tebur da bai taɓa shiga lakwal ba ya san ta, domin ta taɓa shi ko ta taɓa maƙwabcinsa. Ma'anarta a asali ita ce a tashi a bar wuri. Ka ga kalmomin biyu ba abu ɗaya suke kallo ba. Ta Faransanci tana kallon mutum, tana ce masa kwashe kayanka. Ta Hausa tana kallon bango yana faɗuwa. Shi ya sa a Yamai za ka ji an haɗa su a magana ɗaya: "an tada mu, an karya mana shago." Tada ita ce ta fi kusa da abin da takardar hukuma ke nufi, karya da rusa kuma su ne abin da ido ya gani.

Tada mutane ba sabon abu ba ne a wannan gari. Tun da Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, suka ware wa kansu tudun Filato, suka bar ƴan ƙasa a ɗaya gefen kwarin Gunti Yena, birnin yake girma ta hanyar matsar da wasu. Otal ɗin Gaweye da ke bakin kogi sunan tsohuwar unguwar da ke wurin ya gada, mutanenta kuwa an maida su ƙetare, inda unguwar Gaweye take a yau. A zamaninmu, shirin ƙawata birni na Niamey Nyala da Shugaba Mahamadou Issoufou ya kawo ya zo da gadojin sama da sabbin hanyoyi. A 2016 aka yi gagarumin aikin kawar da kiyos-kiyos da shagunan bakin manyan hanyoyi, sannan shirye-shiryen taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 suka kawo sabbin otal-otal, da gyaran filin jirgin Diori Hamani, da babbar hanyar da ta taso daga can zuwa tsakiyar gari. A jihohi kuma bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, da aka riƙa zagayawa da shi ya kai irin waɗannan ayyuka Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, sai Tawa a 2017 da sunan Tahoua Sakola. Wanda ya san Tawa kafin nan ya san gari ya canza kama. Hanya kuwa ba ta faɗaɗa a sarari, sai ta ci wani abu da ke gefenta.

A nan ne kalmar rusau take yi mana illa, domin ta tara abubuwa biyu a cikin jaka ɗaya alhali doka ta raba su nesa da juna.

Na farko shi ne idan gwamnati na bukatar wurin da yake mallakarka ne, kana da takardarka, domin aikin amfanin jama'a kamar hanya ko asibiti ko gada. Nijar tana da doka a kan wannan tun farkon samun ƴanci, doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008. Tsarin mulkin 2010 ma, wanda aka dakatar a 2023, a aya ta 28, ya ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci kafin a karɓa. Kalmar "kafin" ita ce ƙashin bayan maganar. Sai an ayyana cewa aikin na amfanin jama'a ne, an yi bincike, an ƙidaya waɗanda abin zai shafa, an ƙiyasta dukiyarsu, in ba a daidaita ba alƙali ya yanke. Bayan nan ne katafila take da hurumin zuwa.

Na biyu shi ne idan wurin da kake zaune na jama'a ne tun asali: gefen hanya, bakin magudanar ruwa, filin da aka ware wa makaranta, ko dajin bedi da aka fara dasawa tun 1965 domin ya kewaye Yamai ya tare mata ƙura da iska. Irin wannan wuri ba ya zama naka ko ka shekara talatin a kai. Ko da izini aka ba ka, izinin aro ne, ana iya janye shi. A nan doka ba ta ɗora wa hukuma diyyar fili ba. Abin da ya rage shi ne sanarwa da wa'adi, da kuma tausayi idan an samu mai shi.

Dukansu biyun da Hausa rusau ne. Sai mai fili da takardarsa ta mallaka ya ji an ce rusau, ya ɗauka ba shi da ta cewa, ya kwashe kayansa yana Allah ya isa, alhali doka na bayansa. Mai kiyos a gefen gudro kuma ya ji an biya wasu, ya zauna jiran diyyar da ba za ta zo ba. Kowannensu ya cutu da rashin sanin wane irin rusau ne ya same shi.

Gwangwanin da ke hannun kawuna cike yake da takardu. Ya buɗe ya zazzage mini su a kan benci: tikitin da ake yankar masa na zama a wurin, da rasit ɗin patanti na shekara da shekaru, wasu sun yi ja don tsufa, an ɗaure su da zaren ɗinki. Ya ce, "Duba nan, ɗana. Akwai ranar da na ƙi biya? In wurin haram ne, kuɗina halal ne?" Na juya takardun nan ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da ta ce wurin nasa ne. Haraji ne na sana'a da na zama, ba mallaka ba. Ta fuskar doka ba shi da ƙara. Amma tambayarsa tana nan a tsaye, kuma ban ga wanda ya isa ya ture ta ba. Hannun da ya yi shekaru yana karɓar kuɗi a wurin bai taɓa ce masa wata rana za a tada shi ba, sai jan fenti da ya wayi gari ya gani a jikin tol, da kwanaki ƙalilan da ba su isa mutum ya nemi wani wuri ba.

Ba na cikin masu cewa duk rusau zalunci ne. Na ga yadda ruwa ke tsayawa a unguwa har ya shiga ɗakuna saboda wani ya dasa gini a kan hanyarsa. Na ga yadda motar kashe gobara ke rasa ta inda za ta kutsa saboda rumfuna sun cinye hanya, kuma garin da babbar kasuwarsa ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, bai kamata a koya masa tsoron wuta ba. Gini a kan magudanar ruwa dole ya tashi, ko na wane ne. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan "ko na wane ne" ɗin ba ya cika faruwa. Rumfar tol da teburin mai shayi da minti biyar ake gamawa da su, katangar siminti mai ƙofar ƙarfe da ta ci rabin hanya kuwa sai a zagaye ta. Sannan kowane gini da ya tashi a inda bai kamata ba, akwai wanda ya auna filin, akwai wanda ya sayar, akwai wanda ya buga hatimi, akwai wanda ya wuce kullum yana gani ana ɗora bulo bai ce uffan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar rusau kuwa mutum ɗaya ne ke tsayawa a rana, wanda ya zuba guminsa a ginin.

Kalmar ba ta tsaya a kan bulo da tol ba. Da rusa muke fassara abin da ake yi wa hukumomi idan aka kawar da su da alƙalami. Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisar dokoki a 1994. Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisa a watan Mayu na 2009, ya bi da kotun tsarin mulki a watan Yuni, lokacin rikicin tazarce. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, a watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa. A duk waɗannan rusa ce ta dace, domin akwai mai sa hannu. Tarayyar Sobiyet kuwa a 1991 rushewa muke cewa ta yi, kamar gidan da ya ruɓe daga ciki. Haka a zaman gida: aure ya rushe idan zama ya ƙi, amma idan aka ce wance ta rusa auren wane, to an nuna mai laifi da yatsa. Sai dai ko a siyasa ba a cika cewa "an yi rusau a majalisa" ba, in ba da zolaya ba. Rusau ya fi son abin da ke tada ƙura.

Don haka idan ɗan jarida zai ba da labari da Hausa, kalmar rusau kaɗai ba ta ƙosar. Sai ya faɗi wanda ya ba da umarni, ya faɗi ko wurin mallakar mutane ne ko na jama'a, wa'adin kwana nawa aka bayar, an biya ko ba a biya ba, an nuna wa mutane inda za su koma ko an bar su a tsaye. Kuma kada ya ce "sun rushe" a inda aka rusa.

Da yammacin ranar nan muka ɗauko mai kura, muka loda lanƙwasasshen tol da katakon da bai karye ba, muka kai kasuwar Katako inda ake sayen irin waɗannan kaya. Abin da aka ba shi bai kai kuɗin gyaran keken da aka danne ba. Ya yi wata biyu yana ɗinki a tsakar gida, daga baya wani ɗan garinsu ya ba shi gefen zaure a cikin unguwa, nesa da gudro, inda sai wanda ya san shi ne ke zuwa. Gwangwanin yana nan a ƙarƙashin teburinsa, bai zubar da ko takarda ɗaya ba. Ƴarsa ta ƙarshe kuma, idan aka tambaye shi shekarunta, ba ya lissafi da kalanda, cewa yake yi an haife ta da damina biyu bayan shekarar rusau.